Yatsan da Aka Nuna wa Alhaji Mamuda

Litinin, 1 ga Disamba, bayan azahar

Na sayi littafin nan don in riƙa rubuta lambobin direbobi, amma abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin lambobi, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Matata Suwaibatu ba ta ciki, tunda maganar ta mahaifinta ce.

Shekara uku ke nan ina riƙe da zaurenmu na wasaf, na dillalan hatsi na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Mutum ɗari da tamanin da uku, ni Mani ni ne adimin. Ni ke shigar da mutum, ni ke fitar da shi. Ba don na fi kowa ba, don dai na leƙa sakandare har aji biyar, kuma Alhaji Mamuda ya ce a ba ni. Alhaji shi ne shugaban dillalai, shi ne mai rumfar da nake shimfiɗa tabarmata a gefenta, shi ne kuma surukina. Wato inuwata ta kasuwa da ta gida duk a hannun mutum ɗaya suke.

Da safe Alhaji ya aiko saƙon murya, minti tara. A kan buhunan nan ne masu leda biyu a ciki, waɗanda ake ɗaure wake ba magani. Ya ce wake abu ne mai rai. Ya ce, “Ku kanku, a ɗaure ku cikin leda biyu wata shidda, ya za ku fito? Duk ranar Juma'a a kwance bakin buhu, wake ya sha iska.”

Duk wanda ya zauna gaban malamin gona ya san dabarar buhun gaba ɗaya ita ce kada iska ta shiga, ƙwarin da ke ciki su shaƙe. Amma Alhaji ne.

Sai wani ya sa wa saƙon alamar nan ta yatsa ƙasa.

Bai yi minti biyar ba aka cire. Amma Alhaji ya gani da idonsa. Kafin ya nemo tabarau ya miƙa wa wani matashin dillali, Gide, wayar, ba yatsa, ba sawun yatsa.

Ko wane ne, ni ina jin hannunsa ne ya zame. Wayoyin yanzu santsi gare su, musamman in mutum ya ci ƙosai.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Alhaji ya rantse a rumfa, gaban kowa, cewa mai yatsan nan in an gano shi ya bar zaure, in kuma a rumfarsa yake zama ya naɗe tabarmarsa. Ya ce shekara arba'in yana auna hatsi, ko sa'ansa bai taɓa nuna mashi yatsa ba.

Na ce, “Wallahi Alhaji rashin tarbiyya ne.” Ni na fi kowa ɗaga murya. Ina jin ma na ɗan wuce misali, don Gide ya dube ni.

Talata, 2 ga Disamba, da hantsi

An kafa kwamitin bincike. Ni ne shugaba.

Laraba, 3 ga Disamba, bayan magariba

Dattawan zaure sun ɗauka adimin yana ganin komai, har abin da mutum ya yi niyya ya fasa. Ban gyara masu ba. Na ce bincike irin wannan yana son lokaci, sai wayar ta tattaro bayani. Alhaji ya ce in ba ta caji isasshe.

Gide ne matsalar. Dillalin masara ne daga Daudawa, baki kamar reza, kuma ya san waya. Ya ce, “Adimin, ai da an latsa yatsan tun yana nan, da sunan mutum ya fito.”

Na ce, “Ashe?”

Ya ce, “Kai da ka yi aji biyar ba ka sani ba?”

Na ce a aji biyar ba a koya mana yatsa ba.

Ban ci tuwo sosai ba. Suwaibatu ta ce halan zafin abin da aka yi wa Baba ne ya hana ni ci. Na ce shi ne.

Alhamis, 4 ga Disamba, bayan azahar

Dabara ta zo mani a kan babur, tsakanin Mabai da gari. In aka kashe yatsan gaba ɗaya, za a manta da mai shi. Na rubuta doka a zaure: daga yau ba yatsa ƙasa. Mai son magana ya sa yatsa sama, wanda bai so ya yi shiru. Wanda ya karya, waje.

Zaure ya kama da wuta. Malam Badamasi, wanda ke koyarwa a firamare a Faskari yana taɓa harkar waken suya, ya goyi bayana da saƙo mai tsawo. Ya ce yatsa ƙasa jifa ce daga bayan katanga, in kana da hujja ka buɗe baki ka faɗa. Ya tuna mana Harisu na Sabuwa, wanda wasu suka sa wa ƙahon zuƙa har ya daina magana. Gaskiya ne, na tuna. Mutumin nan ko sanarwar sunan ɗiyarsa ya sa, sai da ta sami yatsa ƙasa guda huɗu. Jaririya ko sati ba ta cika ba.

Gide ya ce Malam yana magana kamar a aji. Ya ce, “A buɗe baki a faɗa wa wa? Mu nan rabinmu yaran wani ne, rabinmu surukan wani ne. Yatsan nan shi kaɗai ne bakin ƙarami.” Ya ce bara da wani ya sa labarin ƙarya cewa hanyar Sabuwa ba lafiya, yatsu shida aka sa mashi cikin minti biyu, kowa ya gane ya ci gaba da lodi. Ba don su ba da motoci sun kwana.

Wannan ma gaskiya ne. Amma ban ga dalilin da zai ce surukai ba.

Alhaji ya aiko murya ya sa mani albarka. Doka ta zauna. Sannan ya maimaita maganar shan iskar wake, minti sha ɗaya wannan karon, don waɗanda shaiɗan ya ɗauke wa hankali ranar Litinin. Ni na fara sa mata yatsa sama. Kafin la'asar sun kai ɗari da arba'in.

Juma'a, 5 ga Disamba, bayan saukowa daga masallaci

Na dawo na tarar Suwaibatu ta kwance bakin buhunana goma sha biyu da ke ɗakin ajiya. Duka. Ledojin a buɗe kamar bakin 'yan tsaki.

Na ce, “Mi ke nan?”

Ta ce, “Wake ke shan iska. Baba ya faɗa.”

Na ce ai maganar Baba ta fi shafar manyan sito, irin nasa.

Ta ce, “Baban Hamida, ba kai ka fara sa mashi yatsa sama ba? Ka nuna mani da kanka jiya, kana washe baki.”

Na nuna mata kuwa. Da kaina.

Na tsaya ina kallon waken nan. Fari tas, ɗan Ruwan Godiya, wanda na zaɓa ƙwaya ƙwaya. Na ce, “Allah ya sa ya sha lafiya.”

Litinin, 8 ga Disamba, da hantsi

Sai in faɗi gaskiya, zaure ya yi daɗi. Harisu ya dawo magana. Mutanen da shekara uku ban ga ko sallamarsu ba sun fito. Wani tsoho daga Mabai ya sa hoton san nomansa, ba don sayarwa ba, don dai mu gani. Yatsa sama saba'in. Malam Badamasi ya kira ni ya ce na kawo wayewa.

Ba wanda ya ambaci kwamiti yau. Na ci tuwo malmala uku.

Laraba, 10 ga Disamba, bayan la'asar

Alhaji ya ambaci kwamiti.

Na ce mun rage mutane daga ɗari da tamanin da uku zuwa ɗari da tamanin da ɗaya, tunda shi da ni ba ma ciki. Ya ce madalla, ana samun ci gaba.

Juma'a, 12 ga Disamba, da yamma

Ta sake kwancewa. Da ta shiga madafa na lallaɓa na ɗaure guda biyar. Ta fito ta gani, ta ce iska ce ta ɗaure su? Na ce ina gwada igiya ne.

Ta dube ni irin kallon da mahaifinta ke yi wa tiya in yana zargin an bubbuga gindinta.

Asabar, 13 ga Disamba, bayan azahar

Tunda ba yatsa ƙasa, mutane sun fara neman wata hanya. In mutum ya faɗi shirme, sai a sa mashi fuskar dariya. Na hana. Suka koma hannu biyu na addu'a. To wannan ya zan hana? Wani ya ce ya ga motar masara ta tashi daga Faskari ta iso Ƙanƙara cikin minti goma sha biyu, aka yi mashi addu'a talatin da ɗaya. Ya kira ni yana murna wai jama'a na ƙaunarsa.

Dattawa ba su san da wannan ba. Su in sun ga hannun addu'a, amin suke cewa.

Talata, 16 ga Disamba, da yamma

Harisu ya sa saƙo goma sha tara yau. Ɗaya a kan cewa in ka binne gawayi a kusurwar gona tsuntsu ba zai sauka ba. Ɗaya a kan mafarkinsa. Duk yatsa sama.

Na fara gane waɗancan huɗun na ranar suna. Ban ce sun kyauta ba. Na ce dai na fara ganewa.

Juma'a, 19 ga Disamba

Iska.

Lahadi, 21 ga Disamba, da hantsi

Na yi ƙoƙarin kwashe buhu shida in kai ajiya gidan wani abokina a Daudawa. Na riga na kira mai kura ya kai su tasha. Suwaibatu ta ce a can wa zai riƙa kwance masu baki? Ta ce in dole ne ta ba matar mai gidan saƙo. Na sallami mai kura, na ba shi kuɗin shayi.

Na kusa faɗa mata. Bakina ya buɗe, sai na tuna tabarmata. Na ce mata miyar jiya ta yi daɗi.

Laraba, 24 ga Disamba, bayan la'asar

Gide ya zo rumfa ya zauna kusa da ni, abin da ba ya yi. Ya ce, “Adimin, kai naka waken yana shan iska?”

Na ce sosai ma. Nasa fa?

Ya ce shi ya sa yatsa sama, amma buhunsa ko bakin wuƙa bai gani ba. Ya ce duk matasan zaure haka suka yi. Waɗanda ke kwancewa su ne dattawa, da mutanen ƙauye da aka kai wa labari cewa mutum ɗari da arba'in sun yarda, ba ko ɗaya da ya ƙi.

Ya ce, “Da yatsan nan ɗaya ya tsaya ranar, da goma sun biyo shi. Mai shi matsoraci ne. Ya yi abin kirki minti biyar ya gudu.”

Na ce wataƙila yana da iyali.

Ya ce, “Wataƙila kuwa.” Ya ɗauki gyaɗata ya tafi yana ci.

Juma'a, 26 ga Disamba

Iska. Na ga wani abu baƙi yana tafiya a bakin leda. Na murtsuke shi kafin ta gani. Ban san wa nake karewa ba.

Talata, 30 ga Disamba, bayan azahar

Kwamiti ya zauna. Mu uku: ni, Malam Badamasi, da wani dattijo da ya yi barci. Malam ya kawo shawarar a sa kowa ya rantse. Na ce rantsuwa abu ne mai nauyi, kada mu jefa bayin Allah cikin halaka a kan yatsa. Na yi magana mai kyau ƙwarai a kan yafiya, har Malam ya ce ya kamata a ɗauka a sa a zaure.

Zufa ta jiƙa mani riga, alhali kowa na cikin rigar sanyi.

Juma'a, 9 ga Janairu, bayan saukowa daga masallaci

Yau da ta kwance, ba wake ne ya sha iska ba, ƙwari ne suka fito shan iska. Sun rufe bango. Na zura hannu na ɗebo, kowace ƙwaya da tagarta, wata ma taga biyu gare ta.

Suwaibatu ta zauna a bakin ƙofa. Ta ce halan mun makara ne, da tun farko sau biyu a sati muke kwancewa.

Na fita waje na tsaya kusa da akuya.

Asabar, 10 ga Janairu, da yamma

Ba mu kaɗai ba ne. Daga Ruwan Godiya, daga Mabai, daga Sabuwa, hotuna sai shigowa suke. Wake kamar rariya. Abin da ya fi ba ni haushi, kowane hoto sai an sa mashi yatsa sama, tunda shi doka ta halatta. Wani dattijo ya rubuta, “Na shiga uku,” ya sami hamsin da biyu.

Alhaji bai leƙo zaure ba. An ce tun safe yana sito, ya kulle ƙofa. Buhu ɗari biyu gare shi a can.

Litinin, 12 ga Janairu, da hantsi

Murya ta zo. Minti biyu kacal, shi ya sa na san abin ya kai.

Ya ce ya yi kuskure, kuma duk wanda ya kwance buhu don maganarsa ya yafe mashi. Ban taɓa jin Alhaji ya faɗi haka ba. Sannan murya ta tashi. Ya ce mutum ɗari da arba'in suka tafa mashi yana tafiya rami, kuma ya sami labarin rabinsu ko igiya ba su taɓa ba. Ya ce duk zauren nan ɗan halak ɗaya ne, wanda ya nuna mashi yatsa ranar farko. Ya ce a dawo da yatsa ƙasa yanzu yanzu. Ya ce mai yatsan ya zo ya same shi, zai ba shi mabuɗin sito ya zama mai duba ajiya, kuma zaure ya koma hannunsa, don mai faɗin gaskiya ya kamata ya riƙe.

Na saurara sau huɗu. Na je na yi wanka.

Litinin ɗin, bayan la'asar

Ban tafi ba tukuna. Ina shirya yadda zan fara. Akwai maganar kwamiti, da maganar rashin tarbiyya da na yi da ƙarfi. Gobe da sassafe.

Talata, 13 ga Janairu, bayan azahar

Na sa babbar rigata. Na isa ƙofar gidan Alhaji na tarar da layi. Har da mutanen Sabuwa da suka yi sammako. Har da Harisu. Har da dattijon da ke barci a kwamiti, wanda wayarsa ƙaramar nan ce mai tocila, jikansa ke karanta mashi zaure.

Da aka zo kaina na tuɓe takalmi na durƙusa. Na ce, “Alhaji, Allah ya huci zuciyarka. Yatsan nan nawa ne.”

Ya dube ni. Ya fara dariya har sai da ya yi tari, aka kawo mashi ruwa.

Ya ce, “Mani, kai ne na goma sha bakwai.”

Na ce wallahi ni ne, ina cin ƙosai, na ji maganar, raina ya ɓaci, na latsa.

Ya ce, “Mutum na tara ma ƙosai ya ce. Ina shaida?”

Shaidar da na goge da hannuna cikin minti biyar, na kuma yi wata guda da rabi ina binne ta.

Ya dafa kafaɗata. Ya ce, “Kai yaron kirki ne. Shekara goma sha ɗaya ba ka taɓa haɗa ido da ni ba. Kai ka fi kowa jin zafin abin, har doka ka yi. Naka waken ma ya lalace, Suwaibatu ta faɗa mani. Wanda ya san gaskiya zai bar nasa ya huje? Ba ka da wannan zuciyar, kuma ban ga laifinka ba. Tabarmarka na nan. Amma zaure ba na mai kunya ba ne.”

Na ce to wa ya gano?

Ya ce ya zauna ya yi tunani, duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ke da rashin kunyar da za ta iya. Kuma shi kaɗai bai zo layi ba.

Laraba, 14 ga Janairu, da hantsi

Na miƙa wa Gide zaure. Na ce, “Gide, ka ji tsoron Allah, ka san ba kai ba ne.”

Yana kaɗa mabuɗin sito a yatsa ya ce, “Ni ban ce ni ne ba. Ban ce ba ni ba ne. Koyi na yi da shugaban kwamiti.”

Alhamis, 15 ga Janairu, bayan magariba

Jiya na gaya wa Suwaibatu komai, tun daga ƙosai. Na ce ko ita ta je ta shaida wa Baba.

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye tiren da take tsince wake, ta ce ta yarda. Ta ce tun ranar gwajin igiya jikinta ya ba ta. Har na fara jin sanyi a raina.

Sai ta ce, “Wato ka nuna wa ubana yatsa. Sannan ka san gaskiya, ka tsaya Juma'a shida kana kallona ina kwance buhu kana cewa Allah ya sa ya sha lafiya.”

Ta tura mani tiren. Buhu goma sha biyu, ta ce, ni zan tsince.

Mutum ɗaya ne a duniya ya yarda ni ne, kuma tun jiya ba ta yi mani magana ba.